Kano zuwa Kumasi ta ƙasa: in ɗauki motata ko mu bi bas?

Ɗan Fagge

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwa, ina neman shawarar waɗanda suka san hanyar Gana ta ƙasa. Ƙanin mahaifinmu da ke zaune a Aboabo, cikin Kumasi, zai aurar da 'yarsa a watan Disamba, kuma dangi sun ɗora mini nauyin kai mahaifiyarmu da maiɗakina da yaranmu biyu, haɗe da kayan gudummawar da aka tara. Kuɗin jirgi na mutum biyar ya fi ƙarfina, kuma ko da na iya biya, kayan ba za su shiga ba. Ina da Toyota Sienna wadda na sha zuwa Abuja da Legas da ita, amma ban taɓa ƙetare iyaka ina riƙe da sitiyari ba. Abin da nake son sani shi ne wace hanya ce ta fi dacewa a yanzu, waɗanne takardu ake nema, yaya titunan suke, sannan ko hikima ce in tuƙa da kaina ko kuwa in ajiye motar a gida mu bi babbar bas. Mahaifiyarmu ta haura shekara 70, tana kuma fama da ciwon gwiwa, wannan ne ya fi damuna.

Tsohon Direba

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya sanya alheri a auren. Na yi shekaru masu yawa ina jan babbar mota tsakanin Kano da Kumasi da Ankara, kamar yadda iyayenmu ke kiran Akra, don haka zan faɗa maka abin da idona ya gani.

Da farko ka san tsawon abin da kake shirin ɗauka. Daga Kano zuwa Legas kaɗai ya haura kilomita 1,000. Daga Legas ka bi ta Badagry ka isa iyakar Seme, ka ratsa Kwatano da Wida har iyakar Hilakonji, ka shiga Togo wadda faɗinta a bakin teku bai fi kilomita 50 da 'yan kai ba, ka fita ta Aflawo, ka yi wajen kilomita 190 zuwa Akra, sannan ka ƙara wajen 250 zuwa Kumasi. Idan ka haɗa, tafiyar ta wuce kilomita 1,700, da iyakoki uku a tsakani. Mutum ɗaya ba ya tuƙa wannan da iyali a baya. Idan za ka ɗauki motar, ka nemi direba na biyu wanda ya taɓa bin hanyar, ko da kuwa za ka rage kaya don ya sami wurin zama.

Game da takardu, kowane mutum a motar, har da yara, sai da fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin cutar shawara wanda ake kira yalo kat. Biza ba a nema, domin yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ta ba ɗan ƙasar ECOWAS damar zama har kwana 90. Motar kuma tana da nata: takardun mallaka da sunanka a kai, lasisinka na gida da na ƙasa da ƙasa, da inshorar ECOWAS da direbobi ke kira burawun kat, wadda aka kafa tun 1982. Ka fahimci wannan inshorar sosai, domin mutane da yawa suna ruɗewa a kanta. Ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta gyara taka motar. A kowace iyaka kuma kwastam za su ba motar takardar shiga ta wucin gadi, ka adana ta kamar fasfonka, domin ita za ka miƙa ranar fita.

Abu ɗaya da zai sauƙaƙa maka shi ne duk ƙasashen nan huɗu hannun dama ake bi. Najeriya ta koma dama a 1972, Gana ta biyo baya a 1974, Benin da Togo kuwa tun zamanin Faransa haka suke. Amma kar wannan ya sa ka ɗauka tuƙin iri ɗaya ne.

Bamaraɗe

Sannu da ƙoƙari Baba, bayani ya yi. Ni daga Maraɗi nake, kuma na san akwai wanda zai ce wa Malam ya biyo ta wajenmu, wato Katsina, Jibiya, Ɗan Isa, Maraɗi, Ƙwanni, Dogonduci, Doso, Gaya, ya ƙetare gada zuwa Malanbil, ya gangara ta Kandi da Paraku har Kwatano. Da can hanyar da muke bi ke nan, bas-bas ɗin Yamai ma ta nan suke zuwa Lome da Akra. To amma tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 al'amarin ya sauya. A tafiyata ta ƙarshe gadar Gaya a rufe take ga motoci, fasinja kan sauka a gefe guda, su hau kwalekwale su ƙetare kogin Kwara da kayansu, sannan su shiga wata motar a ɗaya gefen. Mai motar kansa ba shi da yadda zai yi a nan, kuma tsohuwa mai ciwon gwiwa bai kamata a kai ta bakin kwalekwale ba. Hanyar Yamai zuwa Torodi da Kancari da Fada Ngurma kuwa kar ma ya sa ta a lissafi, saboda matsalar tsaro. Haka kuma Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga ECOWAS a ƙarshen Janairun 2025. Ana ci gaba da shige da fice da takardun da aka saba, amma baƙon da bai san kan abin ba gara ya bi inda dokar take a fili.

Ina so in ƙara kan maganar Baba ta ƙarshe. A ƙasashen da Faransa ta rena, idan ka zo mahaɗar da babu danja kuma babu allo, wanda ya fito ta hannun damanka shi ke da hanya, ko da titinsa ya fi naka ƙanƙanta. Mu mun tashi da wannan, amma direbobin Najeriya sun saba da cewa mai babban titi ko mai ƙarfin hali shi ke wucewa. A Kwatano wannan sabon yana jawo ɓarna, domin garin cike yake da 'yan kabu-kabu masu rawayar riga da ake kira zemijan, kuma suna shigowa ta dama da tabbacin cewa za ka tsaya musu. Na taɓa gogar ɗaya a kusa da kasuwar Dantokpa, bai ji ciwo ba, fitilar babur ɗinsa ce kawai ta fashe, amma kafin in buɗe ƙofa abokan sana'arsa sun kewaye ni. Abin da ya cece ni shi ne ban ɗaga murya ba, na ce a kira 'yan sanda, kuma takarduna a cike suke. Wuni guda ya tafi a kan fitila ɗaya.

Hajiyar Kantin Kwari

Malam, ni shawarata ta bambanta da ta maza. Ka ajiye motar nan a gida. Ina zuwa Lome saro atamfa sau uku ko huɗu a shekara, wani lokaci in zarce Akra, kuma ban taɓa ganin abin da ya fi bas ɗin kamfani sauƙi a bakin iyaka ba. Kwandasta ne ke tattara fasfo ya kai a buga hatimi, su suka san kowane ofishi da kowace taga, kai kana zaune ko kana miƙe ƙafa. Mai ƙaramar mota mai lambar Najeriya kuwa, ga iyali ga kaya a sama, kowane shinge sai an tsayar da shi. Tsakanin Badagry da Seme kaɗai, tafiyar da ba ta kai ta rabin awa ba, shingayen da ke wurin sun isa su gajiyar da mai haƙuri. An buɗe sabon ofishin iyaka na haɗin gwiwa a Seme a watan Oktoban 2018, Buhari da Talon na Benin suka buɗe shi, wurin ya yi kyau ya kuma fi da tsari, amma shingayen da ke kafin a kai gare shi suna nan.

Ga yadda za ka yi. Ku hau bas daga Kano zuwa Legas, ku kwana biyu Hajiya ta huta, ku hau ta Akra da sassafe, ku kwana a Nima ko Sabon Zongo inda ba za ku rasa ɗan'uwa ba, washegari ku je tashar mota ta Circle ku shiga bas ɗin Kumasi, akwai na kamfanin VIP akwai na STC a garin, masu sanyi da kujeru masu faɗi. Kayan kuma ka biya musu kuɗin awo a sa su a ƙasa. Ba ka da zullumin taya ko bakanike ko inshora.

Ɗan Fagge

Na gode Baba, na gode ɗan'uwa na Maraɗi, na gode Hajiya. Hanyar Nijar dai ta fita daga lissafi. Hajiya, maganarku ta shige ni, sai dai abin da nake tsoro a bas shi ne ba a tsayawa sai inda direba ya ga dama. Mahaifiyarmu ba ta iya zaman awa uku ba tare da ta miƙe ƙafa ba, tana buƙatar kewayawa akai-akai, kuma ba ta yarda da haɗa salla sai dole. Yaya kuke yi da wannan?

Hajiyar Kantin Kwari

Gaskiya a nan ka kama ni. Mu da muka saba mukan rage shan ruwa tun daren tafiya, abin da ba zan ce tsohuwa ta yi ba. Akwai ranar da muka shafe fiye da awa biyar a wata iyaka saboda kayan wani ɗan kasuwa da kwastam suka ce sai an sauke, mu fasinja ba mu da laifi amma muka zauna cikin rana, bayan gidan wurin kuma ba ya shiguwa. Matakalar babbar bas ma doguwa ce ga mai ciwon gwiwa. Duk da haka ina kan bakana cewa wahalar jiki ta fi sauƙi a kan hatsarin baƙon direba a titin da bai sani ba.

Malamin Aboabo

Assalamu alaikum. Ni a Kumasi aka haife ni, kakanmu ne ya zo da fataucin goro ta tsohuwar hanyar Gwanja, wadda ta bi ta Nikki da Zugu da Yandi har Salaga, don haka ina maraba da ku tun kafin ku taso. Zan yi magana a kan ɓangarenmu, domin a ganina nan ne wurin da ya fi buƙatar hankali, kuma nan ne direba zai iso a gajiye.

Daga Aflawo zuwa Akra titin ba laifi, za ku bi ta Denu da Akatsi ku ƙetare gadar Volta a Sogakope, inda ake yawan duba takardun matafiya, ku wuce mararrabar Ada har Tema. Ƙauyukan hanyar suna da tudun rage gudu masu yawa, wasu ba fenti a kansu, mota mai kaya irin taka idan ta hau da gudu ƙasanta zai daki titi. Daga Tema akwai babban titin da Nkrumah ya buɗe a 1965, tsawonsa kilomita 19, na kankare ne kuma ya tsufa. Dokar gudu a nan ita ce kilomita 50 a cikin gari, 90 a babbar hanya, 100 a wancan titin na Tema, kuma 'yan sandanmu suna tsayawa da na'urar auna gudu a daidai shiga gari, inda baƙo bai lura ya shigo gari ba. Kuɗin tolget an dakatar da karɓarsa a Nuwamban 2021.

Titin Akra zuwa Kumasi shi ne abin tsoro. Ana bi ta Nsawam da Suhum da Nkawkaw da Konongo da Ejisu. Wani yanki tagwaye ne, wani yanki kuma hannu biyu ne a titi ɗaya, kuma duk tirelolin da ke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema zuwa arewa da Burkina Faso da Mali ta nan suke bi. Tirela tana hawan tudu a hankali, motoci goma sun yi layi a bayanta, sai wani ya gaji ya yi aron hannu a kwana. Yawancin haɗurran da muke zuwa jana'izarsu haka suke faruwa. Fita daga Akra ma aiki ne, domin ginin titin Ofankor zuwa Nsawam da aka fara a 2022 ya sa cunkoso mai tsanani. Tafiyar da a takarda awa huɗu ce, ka ba ta shida ko bakwai.

Amma Hajiya, da izininku, bas ma ba kariya ba ce. A watan Maris na 2019 bas biyu suka yi taho-mu-gama da tsakar dare a yankin Kintampo, fiye da mutum 50 suka rasu, da yawansu wuta ce ta cinye su. A wurina abin tambaya shi ne wane lokaci ake tafiya da kuma awa nawa direban ya yi bai runtsa ba.

Tsohon Direba

Malam ya taɓo inda nake son zuwa. Rami ba ya kashe mutum da rana, domin kana ganinsa ka kauce ko ka rage gudu. Dare ne ke kashewa. Tirela takan lalace a tsakiyar titi ba fitila ba alama, sai ganye da yaran mota suka jera a ƙasa, kuma ganye ba ya haske. Ga masu babur ba fitilar baya, ga masu tafiya a ƙafa da baƙaƙen kaya, ga mai zuwa ya ƙure maka fitila ya kashe maka ido. A Disamba kuma ga hazo, musamman daga Kano har ka wuce Neja ko Lakwaja. Abokan aikina da na rasa a hanyar nan, idan na ƙirga, kusan duk tsakanin ƙarfe biyun dare da asuba ne, lokacin da barci ke ɗaukar mutum idonsa a buɗe.

To a nan motarka ta fi bas, ɗana, idan har za ka riƙe doka ɗaya: ka tashi bayan sallar asuba, ka ajiye mota kafin magariba, ko da saura kilomita 40 ka isa. Bas ɗin Kano zuwa Legas galibi da dare suke tafiya, kuma ba kai ke da iko da direban ba. Na yi wannan aikin, na san yadda maigida ke matsa wa direba ya juyo ba tare da ya huta ba. Ba duka kamfanoni ba, akwai masu sa direba biyu, amma fasinja ba ya sanin wanda ya samu sai an yi nisa.

Ka raba tafiyar kwana huɗu ko biyar. Ka tabbata ka isa Seme da safe, kar ka yarda yamma ta same ka a iyaka. Ka cika tanki tun a Legas, domin a 2019 an taƙaita kai mai gidajen man da ke kusa da iyaka. A Benin za ka ga fetur a manyan kwalabe a bakin titi, suna ce masa payo, kar ka zuba wa motarka, ka shiga gidan mai. Ka canza duk tayar da ta tsufa ko da zanenta bai goge ba, ka tafi da safaya biyu idan da wuri, da fanbel, da jak mai kyau, da tukunyar kashe gobara wadda kwananta bai ƙare ba, da alamar tsayawa mai kusurwa uku guda biyu, da akwatin taimakon gaggawa. Waɗannan ukun na ƙarshe su ake fara tambaya idan ana neman laifi.

Matashi Mai Kayan Waya

Baba, ku gafarce ni, amma akwai abin da kowa ke kewayewa. Takardu ko sun cika sai an nemi na goro. Ni ina bin hanyar Kwatano duk wata, kuma shawarata ga Yaya ita ce ya canji ƙananan kuɗi na naira da sefa da sidi, ya ajiye a gefen giya, duk inda aka tsayar da shi ya miƙa ya wuce. Wanda ya tsaya jayayya da iyali a mota shi ne zai kwana a hanya.

Malamin Aboabo

Ɗan'uwa, na fahimci abin da ya sa ka faɗi haka, amma ban yarda a mayar da shi ƙa'ida ba. Akwai bambanci tsakanin kuɗin da doka ta sa, kamar na takardar shigar mota da na tolget, waɗanda ake ba da rasit a kansu, da kuɗin da mutum ya miƙa tun ba a tambaye shi ba. Wanda ya fara miƙa hannu shi ke koya wa jami'i cewa mota mai lambar Najeriya abinci ce, na bayansa kuma shi zai biya. Akwai kuma hatsari: a Gana idan ka faɗa hannun wanda ba ya karɓa, ka mayar da ƙaramin laifin gudu ya zama laifin ba da cin hanci. Abin da nake yi shi ne in yi gaisuwa, in miƙa takardu, idan an ambaci kuɗi in tambaya cikin ladabi ko za a ba ni rasit. Sau da yawa a nan maganar ke mutuwa. Wanda aka tsare aka tilasta masa, ga tsohuwa a rana, wannan lalura ce, ba na zarginsa.

Bamaraɗe

Ina bayan Malam, kuma zan ƙara da abin da na gani a Benin. Tun da aka haɗe 'yan sanda da jandarmomi suka zama runduna ɗaya a 2018, shingayen cikin ƙasar sun ragu ƙwarai idan aka kwatanta da da. Kana iya tashi daga Seme har Hilakonji ba a tsayar da kai fiye da sau ɗaya ko biyu ba. Abin da za ka tanada shi ne sefa na feyaji, wato tolget, akwai ɗaya a Ekpe kafin Kwatano, akwai wani a Ahozon kafin Wida, kuma ba su karɓar naira. Amma ba su wasa da bel, da waya a hannu, da tsallake jar danja. Titin bakin tekun yana da kyau, kyawun ne ma ke jan mutum ya taka. A Janairun 2023 wata bas da ta taso daga Paraku ta yi karo da babbar mota a Dasa ta kama wuta, fiye da mutum 20 suka mutu, kuma da rana tsaka ne, a kan kwalta mai kyau. Don haka ko dokar Baba ta rana ba ta wadatar ba sai an haɗa da rage gudu.

Wani ƙaramin abu: da ka shiga Togo agogo ya koma baya da awa ɗaya, haka Gana. Ka gyara saboda lokutan salla da kuma lissafin faɗuwar rana. Iyakar Aflawo kuma a cikin birnin Lome take, titin bakin teku ne zai kai ka har ƙofarta. Da ka tsaya matasa za su rufe ka, kowa na cewa shi zai yi maka takardu. Kar ka ba kowa fasfo sai mai kaki a cikin ofis.

Hajiyar Kantin Kwari

To tunda maza sun rinjaye ni, ga abin da zan roƙa. A sa Hajiya a kujerar tsakiya inda za ta miƙe ƙafa, a tafi da buta da tabarma da kujerar roba da zanin da za a kare ta idan an tsaya a daji. Magungunanta su kasance cikin kwalayensu da takardar likita, domin a iyaka ana bincikar magani sosai. Kayan gudummawar kuma a rubuta su a takarda, a cire su daga ledar kanti, kar atamfa ta yi yawan da za a ce ta sayarwa ce.

Ɗan Fagge

Assalamu alaikum. Na dawo in ba da bayani kamar yadda ya kamata, tunda da shawararku muka tafi. Alhamdu lillahi mun je mun dawo lafiya, an ɗaura aure, mahaifiyarmu tana gaishe ku, musamman Hajiya, domin kujerar robar nan ta yi aiki fiye da duk abin da muka ɗauka.

Na sami direba na biyu, wani maƙwabcinmu da ya taɓa aikin Kwatano, muka riƙa karɓar juna duk bayan awa biyu zuwa uku. Kwana biyar muka yi a tafiya: Abuja, Ibadan, Badagry, Lome, Akra, ranar ta shida da azahar muna Aboabo. Seme ta ci mana awa uku, mafi yawa a kan takardar motar, Hilakonji ba ta kai awa ɗaya da rabi ba, Aflawo kuma ta fi kowace daɗewa saboda mun tarar da layin motoci. A shingayen Badagry na bi hanyar Malam, na yi gaisuwa na miƙa takardu. A wurare da dama an sallame mu, a wuri biyu kuwa an riƙe lasisina har sai da na ba da wani abu, ban ji daɗi ba amma rana ta yi zafi ga yara.

Sau ɗaya na karya dokar Baba, a dawowa. Mun makara a fitowa daga Kumasi saboda sallama da dangi, magariba ta same mu bayan Nkawkaw, na ce bari mu ƙarasa Akra tunda an riga an kama mana masauki. Kafin Suhum, a bayan wata kwana, sai ga tirela a tsaye a hannunmu ba ko fitila ɗaya. Abokin tafiyata ne ke tuƙi, gudunsa bai wuce 60 ba, ya taka birki muka tsaya saura ƙiris, kayan baya suka zubo kan yara. Ba wanda ya ji ciwo. Muka lallaɓa zuwa gari na gaba muka nemi ɗaki muka kwana, kuɗin masaukin Akra ya tafi a banza.

Ga wanda zai bi bayanmu, kuɗin mai da masauki da takardu da abinci na mutum shida ya zo kusa da abin da bas za ta ci mana, don haka kar a ɗauki mota da niyyar rage kashe kuɗi. Taya ɗaya ta fashe mana tsakanin Akatsi da Sogakope, mai faci a can bai da irin girmanta, safayar da Baba ya ce a ɗauka ita ta kai mu Tema. Takardar shigar motar ta Gana kuma an nemi ganinta sau huɗu a cikin ƙasar, sannan aka karɓe ta a Aflawo ranar da muka fito.